Na'urar tururi: abin da take iya yi wa ƙafar mota da cikin gida

A manyan kantunan Turai da Amurka, na'urar wanki da tururi tana cikin kayan gida da ake yawan tallatawa da alƙawarin cewa za ta cire kowane irin datti ba tare da sabulu ko wani sinadari ba, tun daga maiƙon murhu har zuwa baƙin da ke manne wa ƙafafun mota.

Alƙawarin yana da ƙamshin gaskiya, amma bai cika ba. Duk abin da na'urar ke taƙama da shi zafi ne. Dattin da zafi ke narkarwa za ta ɗaga shi cikin ƙanƙanin lokaci. Wanda kuwa zafi ba ya yi masa komai, ko an yini ana fesa masa tururi yana nan daram. Haka kuma duk abin da ba ya jure zafi, kamar gam da fenti da katako da fatar mutum, yana cikin hatsari a gabanta.

Tukunya ce mai murfi

Ƙirar na'urar ba ta da wuyar fahimta. Tukunyar ƙarfe ce da ake zuba wa ruwa, galibi lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a ɗaure murfinta tam, sannan wutar lantarki mai ƙarfin wat 1,500 zuwa 2,000 ta dafa ruwan.

A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa kan tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyos, kuma ba ya wuce nan. Idan aka toshe wa tururin hanyar fita, matsi kan ƙaru, ruwan kuma ya ci gaba da ɗaukar zafi. A na'urorin gida matsin kan kai bar 3 zuwa 4, wato ya ɗan ɗara na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, zafin cikin tukunyar kuma ya kai tsakanin digiri 130 da 150.

Dabarar tsohuwa ce. Tun a 1679 Bafaranshen nan Denis Papin ya ƙera rufaffiyar tukunya a birnin Landan domin dafa ƙashi har ya yi laushi, kuma ya sa mata bawul mai sakin tururi idan matsi ya yi yawa. Jikan wannan bawul ɗin ne ke cikin murfin na'urorin yau.

Kafin ruwan da ya riga ya tafasa ya koma tururi, sai ya sha makamashi fiye da ninki biyar na abin da ya sha daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan makamashi ba ya ɓacewa. Da zarar tururin ya taɓa abu mai sanyi sai ya sake zama ruwa, ya juye wa abin duk zafin da ya ɗauko nan take. Shi ne ke narkar da maiƙo, shi ne kuma ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni.

Sai dai zafin ba ya tafiya nesa. Yana fita daga bakin bututu yake sauka zuwa kusan digiri 100, kuma a tazarar taki guda abin da ke isa ga datti bai wuce hazo mai ɗumi ba. Saboda haka dole a kusanto da bakin bututun, a kuma yi aiki a hankali, gu ɗaya bayan ɗaya.

Ba injin wankin mota ba ne

Mutane da yawa kan rikita wannan na'ura da injin feshin ruwa da ake gani a wuraren wankin mota. Danginsu ɗaya, domin a ƙarshen shekarun 1920 ne wani Ba'amurke, Frank Ofeldt, ya ƙera injin wanke maiƙo da tururi a gareji, a 1950 kuma Alfred Kärcher ya fito da injin feshin ruwan zafi a Jamus. Ƙaramar na'urar gida ta zo daga baya, inda kamfanin Polti na Italiya ya fara sayar da tasa mai suna Vaporetto a 1983.

Amma aikinsu ya sha bamban. Injin feshi na gida yana harba ruwa da matsin bar 100 zuwa 150, kuma cikin rabin awa yana iya kwarara lita 150 zuwa 250, kwatankwacin jarka shida zuwa goma. A daidai wannan lokaci na'urar tururi lita ɗaya kacal za ta sha, domin lita ɗaya ta ruwa tana zama kimanin lita 1,700 ta tururi.

Wannan tsimin ruwa yana da farashinsa. Injin feshi yana kankare datti ya kuma tafi da shi. Tururi kuwa sassauta shi kawai yake yi, ya bar shi a inda ya same shi. Idan ba a bi shi da tsumma nan da nan ba, dattin zai huce ya sake kamawa, wani lokaci ma ya fi da bazuwa.

Mene ne baƙin da ke ƙafar mota?

Mai mota kan lura cewa ƙafafun gaba sun fi na baya saurin yin baƙi. Dalili shi ne birkin gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota, kuma baƙin daga birkin yake fitowa.

Duk sanda aka taka birki, takalmin birki yana matse faifan da ke juyawa tare da ƙafa, wanda galibi da baƙin ƙarfe ake yinsa. Gugar tana cin su duka biyun. Abin da ke tashi gari ne mai laushi, gaurayen ɓarɓashin ƙarfe da gawayi da sinadarin da ke haɗa takalmin, kuma yana fita da zafi, domin a gangare ko a cunkoso faifan kan kai ɗaruruwan digiri.

Garin ya kasu kashi biyu. Wani yana kwanciya a saman wilin, ya haɗu da maiƙon hanya da kwalta da ƙura ya zama danƙo. Wannan shi ne abincin tururi. Yana narkar da shi a ramukan noti, da kusurwoyin da hannayen wili ke haɗuwa, da gefen bawul ɗin iska, wuraren da soso ba ya shiga.

Kashi na biyu shi ne matsala. Wilin alminiyam na zamani an lulluɓe shi da siririn fenti garai-garai mai sheƙi, kuma ɓarɓashin ƙarfe mai zafi kan nutse cikin wannan fenti kamar ƙaya. Idan ya sha danshi sai ya yi tsatsa, ya zama ɗige-ɗige masu launin ƙasa-ƙasa, waɗanda ke da kaushi idan an shafa da yatsa. Ƙarfe ba ya narkewa a digiri 100, don haka tururi ba shi da abin da zai yi masa. Mai motar da ya tsaya yana nanata feshi a wuri ɗaya da fatan ɗigon zai tafi, fentin ne zai fara gajiya kafin tsatsar.

Maganin wannan wani ruwa ne na musamman mai ɗauke da sinadarin thioglycolate, wanda ke narkar da tsatsar, kuma ana gane yana aiki ne idan ya rikiɗe ya koma shunayya. Yana da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma dangin sinadarin da ke cikin man cire gashi ne.

Duk da haka tururi ya fi wasu magungunan wanke wili aminci nesa ba kusa ba. Akwai masu ƙarfi da ke ɗauke da asid mai suna hydrofluoric, wanda ke ratsa fata ya shiga jiki, kuma zafinsa kan jinkirta har sai ɓarnar ta yi nisa. Idan tururi ya rage bukatar irin wannan magani, ya yi abin a yaba.

Ƙurar da ba a so a shaƙa

Garin birki ya wuce batun kwalliya. A 2010 jihohin Kalifoniya da Washington na Amurka sun kafa dokokin rage tagulla a takalmin birki, saboda yadda ruwan sama ke kwashe garin zuwa koguna yana cutar da kifi. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da ƙa'idar Euro 7, wadda a karon farko ta sa iyaka ga yawan garin da birkin sabbin motoci zai riƙa fitarwa.

Akwai kuma asbestos, ma'adinin da aka daɗe ana sawa a takalmin birki, wanda shaƙarsa ke haddasa sankarar huhu. Tarayyar Turai ta haramta shi baki ɗaya a 2005, amma ana iya samunsa a tsofaffin motoci da kayan gyara masu araha da ba a san asalinsu ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin makanikai da kada su hure garin birki da iskar kwamfireso, su jiƙa shi tukuna.

Gargaɗin ya shafi mai na'urar tururi, domin feshinsa a kan busasshen gari yana iya tayar da shi sama daidai fuskar mai aiki, wanda yake tsugune a gaban ƙafar.

Saboda haka aikin kan fara ne da ruwa. A bari ƙafar ta huce sarai bayan tafiya, a watsa mata ruwa ya tafi da yashi da garin da ke sama. Wannan mataki ya fi muhimmanci a inda ƙura ta yi yawa, kamar lokacin hunturu, domin tsumman da aka goga a kan yashi tamkar sanfefa yake. Daga nan a bi lungu-lungu da siririn bakin bututu, hannu ɗaya na feshi ɗayan na gogewa, ana sauya tsumma idan ya yi baƙi.

Galibin na'urorin kan zo da ƙananan buroshi, wasu na roba wasu na waya. Na waya an yi su ne domin ragar gashin nama da makamantanta, kuma za su karce fentin wili a gugar farko.

Wuraren da za a kauce wa

A cikin wilin akwai ɗan ƙarfen da ake liƙawa da gam lokacin balansin domin daidaita nauyin ƙafa. Zafi yana sassauta gam. Idan ƙarfen ya faɗi, sitiyari zai fara rawa a kan babbar hanya, mai motar kuma ya yi ta neman dalili a wani wuri dabam. Tambarin da ke tsakiyar wili shi ma sau da yawa da gam aka manna shi.

Bayan wilin akwai boris mai cike da giris, da robobin da ke kare fistin ɗin birki daga ruwa da datti. Tun da aikin tururi shi ne narkar da maiƙo, babu hikima a auna shi inda ake son maiƙon ya zauna. Motocin da aka sayar sababbi a Amurka tun daga 2007, da na Tarayyar Turai tun daga 2014, doka ta tilasta musu na'urar lura da iskar taya, kuma a da yawa daga cikinsu 'yar na'urar tana maƙale ne a gindin bawul, wani dalilin kuma na kada a daɗe a wurin.

Wilin da fentinsa ya riga ya tsage ko ya gogu da gefen titi ya fi kowanne rauni. Tururi zai cusa danshi ƙarƙashin fentin, alminiyam ɗin ya fara farin tsatsa mai bazuwa kamar saƙar gizo. Tururin yana kuma cire kakin da aka shafa domin kariya, don haka sai an sake shafawa.

Idan faifan birki ya yi ja bayan wanki, ba abin damuwa ba ne. Tsatsar sama ce, kuma takun birki biyu ko uku a hankali za su share ta.

Da wannan duka, wanke ƙafafu huɗu da ƙaramar na'urar gida aiki ne mai cin lokaci, kuma ga mai wanke motarsa duk mako, bokiti da sabulu da buroshi mai laushi sun fi sauri. Inda na'urar ta fi ƙima shi ne inda ruwa ke da tsada, ko inda doka ta hana zubar da shi. A Jamus, alal misali, garuruwa da dama sun hana ko sun taƙaita wanke mota a bakin titi da ƙofar gida, saboda kada ruwa mai maiƙo ya shiga ƙasa.

A cikin motar kuwa tana da amfani a kujerun yadi da ramukan iskar sanyaya mota, amma ba a kusantar da ita ga allon lantarki, ko yadin rufin ciki, wanda gam ne ke riƙe da shi, kuma idan ya saki sai ya zazzago kan fasinja.

A ɗakin girki da banɗaki

A cikin gida ne na'urar ta fi nuna bajinta, musamman a kan abu mai tauri da ba ya shan ruwa. Tsagin da ke tsakanin tayil, maiƙon da ya daskare a murhun gas, gindin famfo, da mahaɗin murfin masai duk suna sakin dattinsu ba tare da warin sinadari ba, abin da ke da daɗi ga masu asma.

Farin ƙanzon da ruwa mai gishirin ƙasa ke bari a famfo da tayil ba ya jin tururi. Dutse ne, kuma abu mai tsami kamar binega ko lemun tsami ke narkar da shi. Wannan ƙanzo yana taruwa a cikin tukunyar na'urar kanta har ya toshe ta, musamman idan da ruwan rijiyar burtsatse ake cika ta, shi ya sa masu ƙera ta ke umartar a riƙa wanke tukunyar lokaci-lokaci. Suna kuma hana zuba sabulu ko turare a ciki.

Tabon jini da na fitsari da na ƙwai, zafi dafa su yake yi su kama yadi har abada. Daɓen katako da na allon matse-matse mai kama da katako suna kumbura idan danshi ya shiga mahaɗinsu, kuma kamfanoni da dama ba sa biyan diyya idan da tururi aka lalata. Gilashin taga mai sanyi yana iya tsagewa idan zafi ya same shi farat ɗaya. Kujera ko katifar da aka jiƙa aka rufe ɗaki kafin ta bushe, fumfuna za ta biyo baya.

Ƙwayoyin cuta da kuɗin cizo

A jikin kwalin kusan kowace na'ura akwai iƙirarin kashe sama da kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin cuta. Zafi yana kashe su, amma yana bukatar lokaci. A asibiti, tukunyar tsarkake kayan tiyata tana riƙe su a digiri 121 na tsawon minti 15 ko fiye, a cikin matsi. Wucewar daƙiƙa biyu a kan teburin girki ba ta kama ƙafar wannan ba. Tana rage ƙwayoyin, ba ta ƙarar da su.

Batun kuɗin cizo ya fi ƙarfafa gwiwa. Ƙwaron da ƙwansa suna mutuwa idan zafi ya haura digiri 50, kuma yayin da ya saba da magungunan ƙwari da dama, bai saba da zafi ba. A 2023, shekarar da maganar kuɗin cizo ta mamaye birnin Paris, hukumar kula da lafiyar abinci da muhalli ta Faransa, ANSES, ta ce kashi 11 cikin 100 na gidajen ƙasar sun yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022.

Hukumar ta kuma ja kunnen jama'a kan maganin nan Sniper, wanda aka haramta a Faransa tun 2013 amma ake sayarwa a ɓoye, bayan ya sa mutane da dama sun kamu da guba. Sanannen magani ne a Najeriya, inda hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a 2019.

Tururi ba ya barin guba a ɗakin kwana, amma ba ya barin kariya ma. Ƙwaron da ya taɓa kawai yake kashewa. Dole a bi ɗinkin katifa da tsagin gado da gindin bango sannu a hankali, da faffaɗan baki wanda aka naɗe da ƙyalle, domin siririn feshi mai ƙarfi watsa ƙwarin zai yi zuwa wani lungu. Bayan 'yan kwanaki kuma a maimaita.

Ƙuna da wutar lantarki

A watan Yulin 2024 kamfanin Bissell, tare da hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, ya janye ƙananan na'urorin hannu samfurin Steam Shot kimanin miliyan 3.2 daga kasuwa, bayan rahotanni fiye da 150 na mutanen da ruwan zafi ko tururi ya ƙona.

Ko a lafiyayyar na'ura, lokaci mafi hatsari shi ne na ƙara ruwa. Murfin da aka kwance kafin tukunyar ta huce yana iya sakin ruwan da zafinsa ya haura digiri 100, wanda zai koma tururi nan take a hannu da fuska. Feshin farko kuma galibi ruwan zafi ne da ya kwanta a tiyo, don haka ana fara saukar da shi a bokiti. Ba a auna bututun ga soket, ko yaro, ko dabba, kuma silifas ba takalmin wannan aiki ba ne.

Ga masu sayen na hannu da ake shigowa da su Afirka ta Yamma, akwai ƙarin abubuwa biyu. Na'urar da ke jan wat 1,500 zuwa sama ta fi ƙarfin ƙaramin janaretan da ake ajiyewa domin fitila da fanka, wanda ba ya kai wat 1,000, kuma siririyar wayar jona wuta za ta yi zafi a ƙarƙashinta. Sannan wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka tana aiki ne da bolt 120, alhali wutar Najeriya da Nijar da Gana tana tsakanin bolt 220 da 240. Lambar tana rubuce a 'yar takardar da ke manne a ƙasan na'urar, kusa da inda waya ta shiga.